Kalangun Shata

A shekarar 1952, a ƙarshen zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, an yi wani ƙasaitaccen biki a birni wanda har yau ake kira Bikin 'Yan Sarki, domin 'ya'yan gidan sarauta wajen goma sha biyu aka yi wa aure a lokaci guda. Taro irin wannan ba ya rasa makaɗa. Akwai na gado, waɗanda kakanninsu suka yi wa kakannin angwayen kiɗa, kowa ya san wurin tsayawarsa, ya san wanda ke gaba da shi. Amma wanda ya fita daga bikin nan da suna baƙo ne daga ƙasar Katsina, bai cika shekara talatin ba, bai gaji kiɗa ta wajen uwa ko ta wajen uba ba, kuma abin da ake kaɗa masa kalangu ne. Shi ne Mamman Shata.

Yaron da ya taso yanzu, ya saba ganin masu kalangu a gaban gwamna, ba zai ji nauyin wannan magana ba sai an koma da shi baya.

A ƙasar Hausa kayan kiɗa suna da manya da ƙanana. Tambari na sarki ne shi kaɗai, ba a taɓa shi sai da dalili. Kakaki da algaita da farai na fada ne. Kotso da taushi da jauje da banga su ne kayan mawaƙan sarakuna: da kotso Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, da shi Musa Ɗanƙwairo ya taso a Maradun, da taushi Salihu Jankiɗi ya zauna a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Ƙasa da waɗannan sai kiɗan sana'a. Manoma suna da gangar noma, maƙera suna da dundufa, maharba suna da garaya. Kalangu kuwa na mahauta ne. Ranar kasuwa mai kalangu yakan tsaya kusa da rumfar fawa ya yi ta bugu don a san an yi yanka, a ba shi ɗan nama ya tafi da shi gida. Idan kaka ta yi, aka kawar da amfanin gona, mahautan nan su ne 'yan dambe, sai kalangu ya bi su fage. Da dare kuma, in farin wata ya fito, 'yanmata su haɗa 'yan kuɗi su kira shi dandali.

A nan ƙasar Gaya, daga Kademi har Ajingi, duk wanda ya haura shekara hamsin ya san wannan tsari da idonsa. Mu kuwa ba mu da bakin raina kiɗan masu sana'a, tunda tarihin Kano ya ce Abagayawa, maƙeran da suka zauna gindin Dala suna neman tama, daga Gaya suka tashi. Duk da haka mun raina shi kamar yadda kowa ya raina. M. G. Smith, masanin zaman al'umma ɗan Jamaika da ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya wallafa nazari kan roƙo a 1957, kuma jerin darajar sana'o'i da ya tarar a bakin mutane ya sa mahauta da makaɗa a can ƙasa. Ke nan mai kalangu na-ƙasa ne da ke yi wa na-ƙasa kiɗa. Malamai ma ba su ɗauke masa ido ba, domin tun zamanin jihadin 1804 shugabanninsa suka tsananta a kan kiɗan wasa, suka bar na yaƙi da na tara jama'a.

Shi kansa kalangun abin a tsaya a duba ne. Icce ake fafewa, tsakiyarsa a tsuke, bakinsa biyu a buɗe, a rufe kowane baki da fata, sannan a haɗa fatun da tsarkiyoyi masu yawa da suka bi tsawon jikinsa. Makaɗi ya rataya shi a kafaɗa, ya saƙale shi a hammata, ya riƙa bugu da lanƙwasasshen ɗan sanda. In ya matse tsarkiya fata ta ɗame, murya ta hau. In ya saki ta sauka. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, gwanin kalangu yana iya magana da shi, mai kunne ya ji ta sarai. Kowane ɗan dambe, kowane mahauci mai ji da kansa yana da takensa, da ya ji an ɗauko shi sai ya fara tsuma. Yarabawa suna da danginsa, gangan da dundun, su ma da su suke zance. Kuma ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai ɗan karɓi mai siririyar murya, akwai kuntuku da ke riƙe awon kiɗan kada ya karkace.

An haifi Shata a Musawa a 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa Lariya, gida ne na Fulani da ke ganin waƙa roƙo ce, roƙo kuwa zubar da mutunci ne. Uban ya so ɗansa ya yi noma ko fatauci. Yaron ya yi karatun allo kamar sauran yara, ya yi tallan goro, daga baya ya koma alewa. A dandali ya fara waƙa, wajen wasan asauwara na samari da 'yanmata, don nishaɗi kawai, ba ya karɓar ko anini. Da ya fara kayar da sa'o'insa a wannan fage sai sunansa ya tsallaka ƙauyukan kewaye, talla ta fara zama hujjar fita, waƙa ta zama ainihin abin da ke fitar da shi. A wajen makaɗa akwai ɗan gado, akwai ɗan haye. Ɗan gado yana tarar da komai a shirye: kayan kiɗa, ubangida, salon gida, har da waƙoƙin da zai fara koyo. Ɗan haye ba ya tarar da komai, kuma 'yan gado ba sa yi masa kallon arziki. Sai dai rashin gadon nan yana da wata fa'ida da ba kowa ke lura da ita ba. Wanda bai gaji ubangida ba, ba wanda zai ce masa ga wanda za ka yi wa waƙa, ga wanda ba za ka yi wa ba.

Daga Musawa ya koma Bakori bisa gayyatar Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a can wajen sayen auduga da gyaɗa. Wannan ƙaura ita ce mabuɗin labarin, don ta kai shi inda sabon kuɗi yake. Bakori maƙwabciyar Funtua ce, Funtua kuwa tana kan layin dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, ga kuma injin gurzar auduga na kamfanin Turawa. A shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, auduga da gyaɗa sun haifar da wasu irin mutane da ƙasar Hausa ba ta saba da su ba: malaman awo, akawuna, dillalan kamfani, direbobin manyan motoci da yaransu, 'yan kamasho, teloli masu keke, sojojin da suka dawo daga Bama da kuɗin sallama, da mata masu zaman kansu da ke da ɗakuna a bakin tasha. Mutanen nan suna da abin hannu, suna kuma son a san da su. Amma mai kotso ba zai tashi daga fada ya je ya wasa direba ba, ko da direban ya fi hakimi kuɗi. Ba al'adarsa ba ce, ubangidansa ma ba zai yarda ba.

Wannan giɓi Shata ya shiga. Kalangu dama ya saba da kasuwa, ya saba da dare, ba ya neman izinin fada kafin ya yi magana. Ga shi ba nauyi, mutum huɗu ko biyar sun rataya nasu sun hau bayan mota sun bi kasuwa kasuwa. Duk wanda ya yi masa alheri ya shiga waƙa, ko ɗan wane ne. Shi ya sa in ka bi waƙoƙinsa za ka tarar da jerin mutanen da littattafan tarihi ba su kula da su ba: direbobi, 'yan kasuwa, sarakunan bori, dogarai, mata masu sana'a. Sarkin Bori Sule da Hassan Sarkin Dogarai, da ba don shi ba, wa zai riƙa ambaton su yau daga Agadas har Kumasi? A ganina babu wani kundi da ya tara sunayen talakawan Arewa masu tasowa na tsakiyar ƙarnin da ya wuce kamar bakin mutumin nan.

A nan ya kamata a dakata a yi wa makaɗansa adalci. Mawaƙin fada yakan zauna da yaransa a gida su tsara waƙa, su yi ta maimaita ta har ta zauna, kowa ya san inda zai karɓa da inda zai ƙara. Wanda ya saurari Ɗanƙwairo ya san yadda jagora ke fara ɗa yaransa su ƙarasa masa, a saƙa murya cikin murya. Shata ba ya haka. Ya sha faɗa a hira cewa ba ya zama ya shirya waƙa, a fage take zo masa. To, ka dubi abin da wannan ke nufi ga mutumin da ke tsaye bayansa da kalangu a hammata. Bai san waƙar da za a yi ba sai ya ji an ɗauko ta. Nan take zai cafe amshin, ya nemo bugun da ya dace da hawa da saukar kalmominsa, ya daidaita da 'yan'uwansa ba tare da an yi shawara ba. Bakinsa na amshi, hannunsa na bugu, hammatarsa na matsa da saki, don a ƙungiyar Shata makaɗan su ne 'yan amshi. Amshin gajere ne, layi ɗaya ko biyu, za a maimaita shi ba iyaka, kuma ba a yarda ya yi sanyi ba ko da waƙar ta ci rabin awa. In maigida ya yi shiru yana laluben abin faɗa, ko yana sauraron sanƙira ya gaya masa sunan babban baƙon da ya shigo, kalangu ne ke riƙe taron kada ya watse. In ya ɗauko zambo, kalangu ya ƙara masa kaifi. In ya ambaci wanda ya rasu, a sassauta hannu.

Masu cewa kiɗan Shata ba shi da wuya, abu ɗaya ne ake ta nanatawa, ba su saurara da kyau ba. Nanatawar nan ita ce ta ba shi sarari. Kamar turken da aka kafa da kyau ne, dabba ta yi ta kewaya iya tsawon igiyarta ba fargaba. Da kiɗan yana sauyawa kowane lokaci, da mai waƙar bai sami natsuwar ƙirƙira a tsaye ba. Faifai da kaset sun fito da sunansa da hotonsa shi kaɗai, haka kasuwar take, amma aikin na jama'a ne, kuma rabin abin da ke sa mutum gyaɗa kai in an sa Shata daga hannun waɗancan bayin Allah yake fitowa.

A 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, ya tare a Funtua, inda ya yi kusan shekara arba'in. Bayan shekara biyu aka buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna, a daidai lokacin da ƙaramar rediyo mai batir ta fara shiga ƙauyuka. Abin da mota ta fara, rediyo ta ƙarasa. Manomin da bai taɓa zuwa Funtua ba, matar kulle da ba ta zuwa dandali, Bahaushen zango a Gana da na Kamaru, duk suka san muryarsa. Kamfanin EMI ya buga fayafayansa, daga baya kaset ya zo ya sauƙaƙa komai. Shi kuma bai tsaya ga yabon mutane ba. Ya yi wa sojoji waƙa lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a Yulin 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa da kalangun nan dai na rumfar fawa. Ya yi waƙar noma, ta aure, ta namun daji, ta garuruwan da ya ziyarta. Ya kuma yi wa kansa Bakandamiya, wadda ya riƙa ɗauka shekara da shekaru yana ƙara mata abin da ya gani da abin da ya ci nasara a kansa, har ba za ka sami ɗauka biyu da suka zo daidai ba. Narambaɗa ma yana da tasa Bakandamiyar, kuma wanda ya jera su biyun zai ji bambancin mai zaman fada da mai yawon duniya.

Sarakuna fa? Ya yi musu waƙa, sun ba shi dawaki da riguna da motoci. Mafi kusa da shi a cikinsu Sarkin Daura Muhammadu Bashar ne, wanda ya hau gado a 1966, kuma waƙarsa na cikin waɗanda aka fi sani. Abin lura shi ne yadda ya shiga fada. Bai ajiye kalangu ya ɗauki kotso ba. Bai tare a ƙofar wani sarki ya zama makaɗinsa ba. Yau yana gaban sarki, gobe yana tasha wajen direbobi, jibi yana bikin wani attajiri a wata ƙasar, kuma da murya ɗaya yake yi musu duka. Makaɗin fada ba ya iya wasa abokin gabar ubangidansa, ba ya iya tafiya sai da sallama. Shata ba ya neman sallamar kowa. Wannan shi ne sabon abin da ya kawo, ya fi duk wani salo na waƙa muhimmanci: makaɗi mai cin gashin kansa, wanda jama'a ce ubangidansa.

'Yancin nan yana da ɓangaren da ba ya daɗi, kuma ba daidai ba ne a rufe shi. Ana tsoron bakinsa. Wanda ya saɓa masa yana iya wayar gari ya ji yara na rera sunansa a titi, kuma zambon Shata ba ya gogewa. Gagarabadau ta isa misali, waƙar da har yau ake sa ta ana dariya, ba a tuna cewa mutum ne mai iyali aka yi wa ita. Bai kuma ɓoye cewa yana shan giya ba, har ya yi wa mashaya waƙar da ta zaga ƙasa, abin da ya sa malamai da yawa suka ɗauke shi mai ɓata tarbiyya. Ba na cikin masu neman wanke shi a kan wannan. Abin da zan ce kawai shi ne, bakin da ya yi waccan shi ne ya yi waƙar tsayuwa ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda ke sa dattawa hawaye, kuma mutumin ya je Makka ya sauke farali. Bai nuna wa duniya fuskar da ba tasa ba. A al'ummar da ta iya rufa wa manya asiri ta tona na ƙanana, mutane sun ga wani abu a wannan rashin ɓoye-ɓoyen da ya sa suka yafe masa abin da ba za su yafe wa wani ba. Ba shi kaɗai ne ya kai kalangu irin waɗannan wurare ba. Ɗan Anace ya yi wa 'yan dambe, Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri, Gambu ya yi wa ɓarayi. Amma kowannensu ya tsaya ga jama'arsa, shi kuwa ya game kowa.

In aka leƙa wata duniyar za a ƙara gane irin sa'ar da ya yi da irin wadda bai nema ba. A shekarun 1980, lokacin da kaset ɗin Shata ke kowace tasha, a Tarayyar Sobiyet makaɗi ba ya hawa dandamali sai hukuma ta san da shi ta kuma duba kalmominsa. Matasan da suka ƙi wannan tsari, masu kiɗan hayaniya da ake kira punk, sun sha wuya. Yegor Letov na birnin Omsk a Saiberiya ya kafa ƙungiyarsa a 1984, a ƙarshen 1985 hukuma ta tura shi asibitin masu taɓin hankali, ya yi wata uku a can. Da ya fito ya rasa abokan kiɗa, sai a 1987 ya zauna a ɗakinsa ya ɗauki jerin waƙoƙi shi kaɗai, shi ne mai ganga, shi ne mai jita, shi ne mai waƙa. Ba kamfanin da ya buga su. Mutane ne suka riƙa kwafa daga kaset zuwa kaset har suka game Rasha. Ta wannan hanya dai waƙar Shata ta isa inda shi bai taka ba, ba tare da ko kwabo ya shiga aljihunsa ko na makaɗansa ba. Bambancin shi ne, su waɗancan faɗa suke da hukuma gaba da gaba. Shata bai ɗauki sarauta ko gwamnati abokiyar gaba ba. Ya ci abincinsu, ya yabe su, ya dai ƙi yarda su mallake shi. Kuma al'ummar Hausa, duk da raina makaɗi da take yi, ta bar masa wata ƙofa da Sobiyet ba ta bar wa nata ba: an yarda maroƙi ya faɗi abin da wani ba zai faɗa ba.

Siyasa ce ta nuna iyakar wannan hali. A shekarun 1970 ya ci zaɓen kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna. A Jamhuriya ta Biyu ya fara da GNPP ta Waziri Ibrahim, daga baya ya koma NPN mai mulki. A Jamhuriya ta Uku aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtua, amma bai daɗe ba aka tsige shi bayan ya sami saɓani da Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda shi ne jigon jam'iyyar a Jihar Katsina. Jam'iyya tana son mai bin umarni, shi kuwa tun yana saurayi bai iya wannan ba, ko ga mahaifinsa.

Su kuwa 'yan boko da wuri suka gane abin da ke gabansu. A 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kayan kiɗan Hausa da muhallinsu. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Indiana ta Amurka, kuma a kan Shata ya rubuta kundinsa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da nazarin salonsu. Gwamnatin tarayya ta ba Shata lambar girma ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, daga ranar ya zama Dakta Mamman Shata a bakin kowa. Tsohon mai tallan alewa da bai shiga aji ba, wanda mahaifinsa ya ji kunyar sana'arsa, ya sa rigar da shehunan malamai ke sawa. Na tabbata a ranar akwai masu kalangu a ƙauyuka da yawa da suka ji abin har cikin ransu, don ba a taɓa ɗaga kayan aikinsu haka ba.

Ciwo ya kama shi a ƙarshen shekarun 1990. An yi jinyarsa a Kano, an kai shi Jidda, aka dawo da shi. Ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, mako uku bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula. A Daura aka binne shi, garin amininsa Sarki Bashar. Ko shi kansa bai riƙe adadin waƙoƙin da ya yi ba, don da yawa an yi su ne a wuraren da babu na'urar ɗauka, suka tafi da daren da aka yi su. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, bayan dogon bin sawu.

Wata huɗu da rasuwarsa Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'a, Kano ta biyo baya a 2000, a 2001 kuma ta kafa hukumar tace fina-finai. Wuraren da kalangu ya saba kwana, dandalin 'yanmata da wasan dare da gidajen mata, suka ragu ƙwarai. Wani abin kuma da ya fi doka tasiri ya riga ya shigo ta wata ƙofar, wato fiyano. Mawaƙan fim da na siyasa suka koma situdiyo, inda yaro ɗaya da na'ura ɗaya ke yin aikin mutum biyar, ba a ciyar da shi a hanya, ba a raba kuɗin fage da shi. Na'urar tana da muryar kalangu a cikinta, amma ba ta da hammatar da za ta matsa, saboda haka tana bugu ba ta magana. Ba ta san taken kowa ba, kuma in mawaƙi ya sauya ra'ayi a tsakiyar waƙa ba za ta bi shi ba. Dole aka koma rubuta waƙa a takarda kafin a shiga ɗauka, irin ƙirƙirar tsaye da Shata ya yi suna da ita ta zama abin da 'yan kaɗan ke iyawa.

Inda kalangu ya rage da cikakken ƙarfinsa shi ne fagen dambe, don har yanzu ba ɗan damben da zai yarda ya shiga fage da kiɗan na'ura. Sai an kira shi da takensa, da hannun mutum. Damben ma ya sami sabuwar kasuwa, ana ɗaukarsa a waya ana sa wa a intanet, mutanen ƙasashen da ba su san Hausa ba suna kallo, suna jin bugun a bayan ihun 'yan kallo. Bukukuwan ƙauye da na mahauta su ma ba su saki ba. A kasuwanninmu na nan gabashin Kano kuwa, masu tura waƙoƙi a waya ba sa rasa mai neman Shata, kuma da yawa daga masu nemansa bayan 1999 aka haife su.